Zanen Allolin Girka da Rum a Hannun Gwanayen Flanders: Tambayoyi da Amsoshi

Ina ne Flanders, kuma su wa ake nufi da tsofaffin gwanayenta?

Flanders yanki ne a arewacin Beljiyam ta yau, inda biranen Antwerp da Bruges da Ghent suke. In an ce tsofaffin gwanayenta, ana nufin masu zanen da suka yi aiki daga ƙarni na 15 zuwa ƙarshen na 17. Na farkonsu, irin su Jan van Eyck, aikin coci da hotunan manyan mutane suka fi yi. Tatsuniyoyin Girka da Rum sun shigo daga baya, kuma ta hanyar Italiya suka biyo. Jan Gossaert ya raka ubangidansa Philip na Burgundy zuwa birnin Rum a 1508, ya zauna yana kwafar tsofaffin mutum-mutumin dutse, ya dawo gida. A 1516 ya zana Neptune, allan teku, da matarsa Amphitrite, zanen da yanzu yake Berlin. Da ma Philip shi ne shugaban rundunar ruwa, saboda haka zaɓen allan teku ba kuskure ba ne.

Amma zamanin da abin ya bunƙasa shi ne na Peter Paul Rubens, wanda aka haifa a 1577 ya rasu a 1640. Ya yi shekara takwas a Italiya, daga 1600 zuwa 1608, kafin ya kafa shagonsa a Antwerp. Tare da shi akwai Anthony van Dyck, da Jacob Jordaens, da Jan Brueghel Babba, da Frans Snyders, da Hendrick van Balen. Jordaens bai taɓa taka Italiya ba, shi ya sa allolinsa suke kama da manoman ƙauye masu ƙoshi.

Shin sun yi imani da waɗannan alloli ne?

A'a. Kiristoci ne, kuma Rubens ɗan Katolika ne mai riƙo, wanda ya cika coci-cocin Antwerp da zanensa. Bautar Jupiter da Venus ta mutu fiye da shekara dubu kafin a haife shi. A wurin mutanen zamaninsa waɗannan labarai hikayoyi ne da ake karantawa a makaranta cikin harshen Latin, ana kuma yin magana da su a kaikaice. In aka zana Mars, yaƙi ake nufi. Minerva hikima ce, Venus soyayya.

Rubens ya je Landan a 1629 a matsayin manzon sarkin Sifaniya don neman sulhu da Ingila. Da zai tafi sai ya ba Sarki Charles na ɗaya zanen da Minerva take ture Mars da garkuwarta, tana kare wata mace da ke wakiltar zaman lafiya, ga yara ga 'ya'yan itace zube a gabanta. Wasiƙar diflomasiyya ce aka rubuta da fenti. Zanen yana National Gallery a Landan. Akwai kuma wanda ya yi a 1614, yana gidan tarihin zane na Antwerp, inda Venus take tsugune tana rawar sanyi. Wani tsohon karin maganar Latin ya fassara: in babu ci babu sha, soyayya sanyi take yi.

Daga ina suke samo labaran?

Mafi yawa daga Metamorphoses na mawaƙin Rum Ovid, dogon waƙe mai kashi 15 da aka kammala wajen shekara ta 8 miladiyya, wanda ya tattara labaran rikiɗa: mace ta zama itace, maharbi ya zama barewa. An buga fassararsa da harshen yankin a Antwerp a 1552, sannan Karel van Mander ya fitar da sharhinsa domin masu zane a 1604. Bugun da ke ɗauke da hotuna shi ya fi yawo a shaguna, domin yawancin masu zane ba su iya Latin ba. Rubens kam ya iya, yana karanta asalin, kuma sau da yawa za ka ga ya ɗauki wani ƙaramin abu a baitin da sauran suka tsallake.

Ta yaya zan gane wane ne wane a cikin zane?

Kada ka dogara da fuska, ka duba abin da ke hannu da dabbar da ke kusa. Gaggafa da tsawa a dunƙule a hannu na Jupiter ne. Ɗawisu na matarsa Juno. Mace mai kwalkwali da mujiya, da garkuwa mai ɗauke da kai mai gashin macizai, Minerva ce. Venus tana tafe da kurciyoyi da furen wardi da wani yaro mai fukafukai da kwari da baka, wato Cupid. Mercury yana da fukafukai a hula da ƙafa, da sanda mai macizai biyu a nannaɗe. Diana tana da jinjirin wata a goshi da karnukan farauta. Mashi mai baki uku na Neptune ne, lauje na Saturn, zangarniyar alkama ta Ceres, fatar zaki da kulki na Hercules. Inabi da damisa kuwa Bacchus suke nunawa, amma a kula: in tsoho ne mai tumbi ana tallabe da shi saboda maye, wannan Silenus ne malaminsa.

Gwada da Hukuncin Paris na Rubens da ke Landan. Mata uku ne tsaye, kusan sura ɗaya. Ta hagu, makamanta na rataye a itace ga mujiya a reshe. Ta dama, ɗawisu na gindinta. Ta tsakiya, wato Venus, ita makiyayi Paris, da aka sa ya zaɓi mafi kyawun su ukun, yake miƙa wa tuffar zinariya. Ka ɗaga kai sama za ka ga wata halitta mai fushi a cikin gajimare, tana nuna cewa wannan zaɓi shi zai haifi yaƙin Troy. Wanda bai kalli sama ba ya rasa rabin maganar.

Me ya sa tsiraici ya yi yawa a cikinsu?

Domin daga mutum-mutumin Girka da Rum suka koyi surar allolin, kuma a ƙa'idar sana'ar a lokacin, iya zana jikin mutum shi ne babban gwajin gwaninta. Sai dai ba gaskiya ba ne a ce kowa ya yarda da shi a can ɗin ma. Waɗannan zane ba a rataye su a fili, a ɗakunan ciki na fada da gidajen attajirai suke, wasu ma da labule. A 1639 Ferdinand, gwamnan yankin kuma ƙanin Sarki Philip na huɗu na Sifaniya, ya rubuta wa wansa cewa wani Hukuncin Paris da Rubens ya gama masa ya yi kyau ƙwarai, illa dai tsiraicin matan ya yi yawa, kuma mai zanen ya ƙi gyarawa. A 1762 Sarki Charles na uku na Sifaniya ya ba da umarnin a ƙone irin waɗannan zane da ke fada, sai mai zanen fadar, Anton Raphael Mengs, ya roƙa aka bar su don koyarwa. Daga baya an ajiye su a ɗaki na musamman da ba kowa ke shiga ba. Wanda yake son nazarin fasahar ba tare da wannan ba yana da zaɓi: kan Medusa mai gashin macizai da ke Vienna, ko faɗuwar Icarus, yaron da ya tashi sama da fukafukan da aka ƙera ya faɗo cikin teku, ko zanen Orpheus cikin dabbobi da shagunan Brueghel suka yi ta yi.

In an rubuta sunan Rubens a ƙasan zane, shi ya zana shi duka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta sau da yawa ita ce a'a. Shagon Rubens kamar babbar masaƙa yake, kowa da aikinsa. Shi maigida yakan yi ɗan ƙaramin zanen gwaji da fentin mai a kan katako, wani lokaci bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Yaran shago su faɗaɗa shi a kan babban kyalle, su shimfiɗa launuka. Sannan ya dawo ya bi fuskoki da hannaye da wuraren haske da nasa buroshin. Yawan wannan taɓawar ta ƙarshe shi ke yanke kuɗi.

Ba ɓoyewa yake yi ba. A watan Afrilu na 1618 ya aika wa Dudley Carleton, jakadan Ingila a Hague, jerin zanen da yake son bayarwa a madadin tsofaffin mutum-mutumin dutse, ya kuma bayyana hannun da ke cikin kowanne. Prometheus a ɗaure, ya ce nasa ne amma Snyders ya zana gaggafar, ya sa masa farashin florin 500 a kuɗin lokacin. Wannan zane, mai tsawon kusan mita 2.4, yana Philadelphia a Amurka yanzu. Achilles cikin tufafin mata kuwa ya ce mafi gwanintar almajiransa ne ya yi, shi ya bi ya gyara.

Aikin Torre de la Parada ya nuna iyakar abin. A 1636 Philip na huɗu ya nemi zanen tatsuniya sama da 60 domin gidan farautarsa da ke kusa da Madrid. Rubens ya yi zanen gwajin da hannunsa, ya rarraba manyan ga Jordaens da Cornelis de Vos da Erasmus Quellinus da Theodoor van Thulden da Jacob Peter Gowy da wasu, ya riƙe kaɗan, ciki har da Saturn yana cin ɗansa. A 1638 kayan suka isa Sifaniya. Wanda ya ajiye ƙananan zanen gwajin da ke Brussels kusa da manyan da ke gidan tarihin Prado a Madrid zai ga cewa rai ya fi yawa a ƙananan. Can ne hannun maigida yake tsantsa.

Akwai kuma haɗin gwiwa tsakanin gwanaye biyu masu daraja ɗaya. Jan Brueghel yakan zana daji da furanni da dabbobi, Rubens ko Van Balen ya sa mutanen. Masu saye suna son haka, har suna alfahari da iya nuna inda hannu ya canza.

A kan me suke zanawa, kuma da me?

Abu uku: katako, kyallen lilin, da farantin tagulla.

Katakon na itacen oak ne, kuma mafi kyawunsa daga dazuzzukan Folan da kewayen tekun Baltik ake kawowa ta tashar Gdansk. Ana tsaga gungumen ne daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda ake yanka kankana, domin allon da aka fitar haka bai cika lanƙwasa ba. Faɗin kowane allo yakan kai santimita 20 zuwa 30. A shanya shi ya bushe, a haɗa baki da baki da gam ɗin fatar dabba, a kankare. Sai a shafa alli da aka kwaɓa da gam, hawa-hawa, a goge har ya yi sumul. A kan wannan farin ne Rubens yake jan wani siririn launi mai toka-toka ko ruwan ƙasa da faffaɗan buroshi, ya bar sawun gashin buroshin a fili. A zanen gwajinsa ana ganin waɗannan layuka ta ƙarƙashin fenti, kuma suna daga cikin abin da masana ke nema.

Kyalle na manyan ayyuka ne da za a naɗe a yi doguwar tafiya da su. Tagulla kuwa ta ƙananan zane ce masu ƙananan mutane da yawa, irin walimar alloli ta Van Balen da Frans Francken Ƙarami. Ba ta shan mai, ba ta motsi da laima, shi ya sa launinta yake sheƙi har yau kamar jiya aka shafa.

Fentin a shago ake niƙa shi a kan dutse da man irin lilin, ko man gyaɗar goro ta Turai don launuka masu haske, domin bai cika yin rawaya ba. Fari daga darma ake yinsa. Rawaya mai haske haɗin darma da kuza ne. Shuɗi mafi tsada daga dutsen lazward na Badakhshan a Afganistan yake, saboda haka a manyan wurare kamar sararin sama sai a sa mai araha, wato garin gilas mai sinadarin kobal. Jan da ake lulluɓe tufafi da shi daga saiwar wani tsiro ne ko daga ƙwaron koshinil na Meksiko. Dabarar fata kuwa ita ce inuwa siririya har ana hango abin da ke ƙasa, haske kuma da kauri, da ɗan ja a bakin yatsu da gwiwa, da toka mai shuɗi-shuɗi a inda jiki ya juya.

Launukan da muke gani yau su ne na asali?

Ba duka ba. Shuɗin gilas ɗin nan yana rasa launinsa a cikin mai, sararin sama da aka zana shuɗi ya koma toka ko ruwan ƙasa. Koren tagulla yana komawa ƙasa-ƙasa, shi ya sa ganyaye da yawa suke kamar na kaka. Jan ƙwaro da na saiwa haske na cinye su, tufa mai ja ta koma fari-fari. Fentin mai kansa yana ƙara zama garai-garai da tsufa, har ƙafa ko hannun da mai zane ya shafe ya sake ɓullowa kamar inuwa. Banish ɗin ƙaro da ake shafawa a sama kuma yana yin rawaya cikin shekaru gommai. Wannan na ƙarshen kaɗai ake iya gyarawa, ta hanyar cire tsohon a sa sabo. Launin da ya mutu ya mutu.

Yaya ake tantance na gaske da kwafi?

A fara da juya zanen. Daga 1617 ƙungiyar masu sana'ar zane ta Antwerp, mai sunan Luka, ta wajabta wa masu haɗa katako su buga alamarsu a baya, kuma in an duba ingancinsa a ɗana masa tambarin birni da ƙarfe mai zafi: ganuwa da hannaye biyu. Haruffan MV, misali, na Michiel Vriendt ne, wanda Rubens ya yi hulɗa da shi. Tambarin yana nuna inda katako ya fito. Bai faɗi wanda ya yi zanen ba.

Sai a ƙirga zobban shekara a bakin allon, wato layukan da itace ke ƙarawa ɗaya kowace shekara, a gwada faɗinsu da jadawalin itatuwan Baltik. A ce zobe na ƙarshe ya faɗa a 1605. Za a ƙara aƙalla shekara tara, domin ɓangaren itace mai taushi na kusa da ɓawo da kafinta ya fere, sannan aƙalla biyu na bushewa. Ke nan ba a yi zanen kafin 1616 ba. Wannan gwaji yana iya kore zane, ba ya iya tabbatar da shi, domin ɗan damfara yana iya samun tsohon katako.

Na uku shi ne sinadarin fenti. Shuɗin Prussia a Berlin aka gano shi wajen 1706, farin titaniyam kuwa sai wajen 1920 ya shiga kasuwa. In aka same su a asalin fentin, ba a wurin gyara ba, magana ta ƙare. Hoton eksire da na infirared suna nuna abin da ke ƙasa. Mai ƙirƙira yakan canza ra'ayi, ya matsar da kai, ya rage hannu. Mai kwafi yana bin layi ne tiryan-tiryan. Wata alama mai sauƙi: Rubens ya sa masu sassaƙa irin su Lucas Vorsterman da Paulus Pontius sun buga ayyukansa a takarda, kuma bugu yakan juya hoto dama ta koma hagu. Kwafin da aka yi daga takarda sau da yawa a juye yake, launukansa kuma na kai ne, domin takardar baƙi da fari ce.

Bayan duk wannan sai tarihin hannun da zanen ya bi, da idon masana. Cibiyar nazarin Rubens a Antwerp da RKD, cibiyar tarihin zane ta Holland da ke Hague, su ne manyan wuraren da ake komawa.

Faɗuwar Icarus da ke Brussels na Bruegel ne ko ba nasa ba?

Gidan tarihin ya saye shi a 1912, kuma tun binciken 1996 masana da yawa suna ɗaukarsa tsohon kwafi na wani aikin Pieter Bruegel Babba, mahaifin Jan Brueghel, da ya ɓace. Tsarin dai nasa ne, kuma yana da ƙarfi. A waƙen Ovid, manomi da makiyayi da masunci sun ɗaga kai suna mamakin Icarus da mahaifinsa da ke tashi sama. A zanen, manomi na bin garmarsa, masunci na kallon ƙugiyarsa, jirgin ruwa na wucewa, Icarus kuwa ƙafafunsa kawai suka rage a saman ruwa a can gefen dama.

Me kalmomin kundin gwanjo suke nufi?

Matakai ne, kuma kowane mataki yana sauke kuɗi sosai. Sunan mai zane shi kaɗai yana nufin gidan gwanjon ya yarda nasa ne. In aka ce ana danganta shi da shi, akwai shakka. Na shagonsa, wato yaransa suka yi, wataƙila yana kallo. Na kewayensa, wani ne na zamaninsa da ya ɗauki salonsa. Na mabiyinsa ko bisa salonsa yana iya zama bayan shekara ɗari. Kwafin aikinsa kuwa sunansa ya faɗi komai. Matsayi yana iya hawa: zanen kisan jarirai na Rubens ya daɗe ana cewa na Jan van den Hoecke ne, da aka gane shi sai aka sayar da shi fam miliyan 49.5 a Sotheby's ta Landan a 2002. Irin wannan ba ya faruwa sai jefi-jefi, kuma mafi yawan abin da ke yawo a kasuwa da sunan Flanders aikin ƙananan shaguna ne da suka yi ta maimaita Diana da Venus don fitarwa Sifaniya da Meksiko.

Me ke lalata su, kuma yaya ake adana su?

Babban abokin gaban katako shi ne hawa da saukar laima. Itace yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, alli da fenti ba sa iya bin sa, sai su tashi kamar ɓawo su zube, mahaɗar alluna ta buɗe. Rubens ya ƙara wa masu gyara wahala, domin yakan faɗaɗa zane yana cikin aiki, a liƙa sabon allo a gicciye, har wasu zanensa suka zama guntaye fiye da goma, kowanne na ja ta nasa gefe. Masu gyaran ƙarni na 19 kuma sukan fere bayan katako su ɗaure shi da ragar sanduna don ya miƙe. In ragar ta cije, itacen ba shi da wurin motsi, sai ya tsage. Yanzu cire su ake yi a sa madogara mai sassauci.

Gidajen tarihi suna riƙe laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, zafi wajen digiri 20, haske kuma kada ya wuce luks 200 a ma'aunin ƙarfin haske. Wanda ya kawo tsohon zanen katako Kano ko Zinder ya san cewa a hunturu laima tana sauka ƙasa da kashi 20, da damina ta haura 70, kuma shekara ɗaya ta isa ta raba alluna. Sai dai a rufe shi a firam mai gilas da ba ya shan iska, da sinadarin silika a ciki. Kada a goge fuskar zane da ruwa ko sabulu ko mai. In fenti ya fara tashi, a kwantar da shi fuska sama, kada a taɓa, a nemi mai gyara da ya karanci aikin.

Ina zan gan su?

Prado a Madrid ya fi ko'ina, yana da ayyukan Rubens kusan 90, ciki har da 'yan mata uku na alheri da ya riƙe a gidansa har ya rasu, Philip na huɗu ya saya daga gadonsa. Sai Alte Pinakothek a Munich, inda Danae ta Gossaert ta 1527 da sace 'ya'yan Leucippus suke, da Kunsthistorisches Museum a Vienna, da Hermitage a Rasha. A Louvre ta Faris akwai manyan zane 24 na rayuwar Sarauniya Marie de Medici, inda alloli suke cuɗanya da mutanen fada. Gidan tarihin Antwerp ya sake buɗewa a 2022 bayan gyaran shekara 11. Prado da National Gallery sun sa hotunan zanensu a intanet kyauta, ana iya zuƙo su har a ga sawun buroshi da tsagar fenti.